Ƙwayar da Baba Ke Dakawa

Litinin

Auta,

Assalamu alaikum. "Shanye duka, har gindin kofin, kar ki rage ko ɗigo." Abin da Mama ke faɗa min ke nan a daidai lokacin da na ɗauki biro, don haka ki yi haƙuri, gaisuwa tana tafe. Na shanye. Ta leƙa kofin, ta leƙa bakina kamar mai sayen akuya, ta fita.

To, ina gajiya? Ya nauyin jiki? Mama ta ce kin shiga wata na takwas, an hana ki doguwar tafiya, har aikin kantin maganin ma kin ajiye. Allah ya raba lafiya. Ki gaida maigidanki.

Yau kwanana goma sha tara a tsohon ɗakinmu. Tun da aka sallamo ni daga asibiti Baba ya ce ba zan koma gidana ba sai na dawo daidai, kuma shi zai faɗi ranar. Wayata tana cikin durowarsa tare da katin asibiti da maganin, wai waya tana tayar da hankali. Ta Mama kuwa kin san ta, ba ta aiki sai a kan lasifika, a tsakiyar falo, Baba yana gyara mata amsa. Shi ya sa na koma takarda. Mama za ta miƙa wa matar maƙwabcinmu Direba ta kan katanga, shi kuma ya kawo miki gobe idan ya yi lodin garinku. Digiri biyu, shekara talatin da huɗu, ina aika wasiƙa ta kan katanga kamar mai ɓoye saurayi.

Ɗakin yana nan yadda kika bar shi. Jadawalin lissafin da Baba ya manna mana a bayan ƙofa bai ko karkace ba. Ƙarfen taga goma sha huɗu ne, na ƙirga ta hagu, na ƙirga ta dama, ba su canza ba. Ƙofar gida a kulle take dare da rana, mabuɗin yana aljihun Baba. Daga gado ina hango sama ɗan yanki kamar faɗin sallaya. Ni da ake biya albashi a ofishin hasashen yanayi don in kalli sama, ga rabona yanzu. Hutun jinyar da suka ba ni zai ƙare ƙarshen wata, amma nan gidan ba a maganarsa.

Abin da ake magana a kai shi ne asuba. Tun da na zo ban tashi a kan lokaci ba ko sau ɗaya. Baba ya buga ƙofa, Mama ta yayyafa min ruwa, ni ban san ana yi ba. Sai wajen ƙarfe tara na farka, harshena kamar an cusa min katifa a baki, in rama salla rana na dukan bango. Shekara talatin Baba ya yi yana shugaban makaranta, ritaya ba ta raba shi da rajista ba: akwai kalanda a falo, duk safiyar da ban tashi ba sai ya ja mata gicciye da jan biro. Ba ya ce min komai. Ja kawai yake yi, a hankali, da rula.

Kin san bai taɓa yarda da ƙwayar ba. Da ƙyar Mama ta samu ya bari a ci gaba da ba ni, amma da sharaɗi. Shi yake daka ta da kansa a ƙaramin turmin ƙarfen nan na Mama, ya zuba garin a ruwan da ya yi wa addu'a, wai don sunan Allah ya riga magani shiga. Ɗacinsa ba a magana. Abin mamaki, a asibiti wannan ƙwayar nake sha, kuma da kaina nake tashi, har nas tana min tsiya wai na fi ladan ƙwazo. Ƙila katifar gidanmu ce ke da laifi.

Hannuna yana rawa, ki yafe rubutun. Ki rubuto min ko da gulma ce.

Yayarki

*

Talata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, ƙafafuna ne dai suka zama kamar na giwa. Gulma sai wani jiƙon, yanzu ki zauna ki karanta wannan sau biyu.

Daka ta yake yi? A turmi? Innalillahi! Yaya, Direba yana tsaye a bakin ƙofa na karanta, sai da na yi ihu har ya zaci naƙuda ce.

Ranar da aka sallame ki Mama ta karanto min sunan maganin a waya, harafi bayan harafi, don haka na san shi, kullum ina sayar da shi. Wannan ƙwayar riga gare ta. An yi rigar ne don maganin ya riƙa fita kaɗan-kaɗan a cikin jiki har washegari. Idan aka daka, an yaga rigar, abin da ya kamata ki sha cikin kwana guda sai ya afka miki lokaci ɗaya. Kamar tankin ruwan gidanmu ne, a bar famfo a fasa gindinsa. Dole ki kwanta kamar gawa! Ba katifa ba ce, ke ma da iliminki. A takardar cikin kwalin an rubuta a haɗiye ta yadda take, kar a tauna, kar a fasa.

Rawar hannun daban ce, wannan ta maganin ce, kuma likita yana da abin yi a kai. Amma ko me za a yi, kar a tsayar da shi farat ɗaya. Kin ji? Kar a tsayar.

Ki je ki faɗa wa Baba. Sai dai don Allah ki ajiye wannan bakin naki na jami'a a ɗaki kafin ki fita. Ki durƙusa, ki sunkuyar da kai, kar ki yi wannan murmushin naki na gefe ɗaya, kin san yadda yake ƙona masa rai. Ki ce ni na faɗa, laifin ya hau kaina, ni ai mai ciki ce ba za a dake ni ba.

Ki gaida Mama, ki ce ta daina leƙa miki baki, ba ki ci bashin kowa ba.

Taki,
Auta

*

Laraba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata, Uwata.

Bayan sallama da fatan alheri, ina roƙon Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, amin.

Na zaɓi in rubuta in turo ta ƙarƙashin ƙofarki ne saboda idan muka zauna kina fin ƙarfina a magana, ni kuma sai raina ya ɓaci in faɗi abin da ban shirya ba.

Ba ki san Baffanku da lafiya ba. Kin taso kin tarar da wani mutum zaune a jikin bango, yawu yana zuba, hannu yana kaɗawa, kuna ratse shi idan za ku wuce. Wannan mutumin shi ya fi kowa kaifin kai a gidanmu, shi yake gyara min karatu alhali ni ne babba. Da ya fara ciwo ni na kama hannunsa na kai shi asibiti. Ni na riƙa ba shi ƙwayoyi safe da yamma, ina cewa ya daure. Ihun ya daina, gaskiya ne. Amma shekara goma sha ɗaya bai sake sanin lokacin salla ba, har na sa shi a kabari.

Ranar Lahadi na ga shayi yana zuba daga kofinki saboda rawar hannu. Kin goge da gefen mayafi, kina zaton ban gani ba. Na gani. Na tashi na shiga ɗaki.

Yau asuba ashirin a jere. Na yi sassauci iyakar ƙoƙarina, na haɗa miki shi da addu'a da hannuna ko Allah zai cire sharrinsa, bai canza ba. Ina tambayar kaina, abin da zai gusar da hankalin mutum har a kira salla a kunnensa bai ji ba, mene ne ya raba shi da abin da aka hana mu sha? Don likita ya rubuta shi a takarda? Ranar da za a tambaye ni amanar da ke ƙarƙashin rufina, likita ba ya wurin.

Saboda haka daga yau na tsayar da ƙwayar. Ruwan addu'a zai ci gaba. Wanda ya jarrabe ki da ciwon ya fi kowa sanin maganinsa. Ban yi don in ƙuntata miki ba, Uwata. Sunan mahaifiyata gare ki, ba zan zauna in ga kin koma jikin bango ba.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Litinin

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ya ƙafafun giwa?

Wasiƙarki ta makara da yini guda. Ta iso Laraba da yamma, ta tarar Baba ya riga ya yanke hukunci da safe: an tsayar da maganin. Hukuncin a rubuce ya zo, ta ƙarƙashin ƙofa, da Bismillah da komai. Ya kawo maganar Baffa. Na so in yi masa dariya irin tawa, na kasa.

Ranar Alhamis bayan la'asar na same shi a falo. Na bi umarninki, na durƙusa, na ajiye murmushin a ɗaki. Na yi masa bayanin rigar ƙwaya da tankin ruwa. Ya saurara har ƙarshe, kin san shi, ba ya katse ɗalibi.

Sai ya ce, "Wato addu'ata ce ta hana ki salla."

Na ce, "A'a Baba, turmin ne."

Ya ce, "Turmin da hannun wa?"

Na ce ai an rubuta a takardar cikin kwalin. Ya tashi ya buɗe durowa ya ɗauko ta. Auta, ya karanta takardar nan fiye da waɗanda suka rubuta ta. Duk wata illa da aka lissafa ya ja mata layi da jan biro: jiri, rawar hannu, ƙiba, bushewar baki. Na sa yatsa a kan layin da ya ce a haɗiye ta yadda take. Shi kaɗai ne babu ja.

Ya ce, "Na gan shi. Wannan don masu gudun ɗaci aka sa. Ɗaci bai taɓa kashe kowa ba."

Na ce to ya ba ni kwana uku kawai. In haɗiye ta da rigarta, in kora da ruwan addu'arsa, kofi biyu ma idan yana so. Idan ban tashi asuba ba, na yarda ya zubar. Har na fara sa rai. Sai ya sake sa hannu a durowa ya fito da gwangwanin biskit, ya buɗe a gabana.

Ƙunshi arba'in. Ya yanka farar takarda daidai wa daida, ya naɗe kowanne kamar takardar jarrabawa, ya rubuta kwanan wata a kai da kyakkyawan rubutun nan nasa. Ashe tun makon farko ya zauna ya dake maganin wata biyu gaba ɗaya, don kar wata rana ya makara a masallaci in jira. Babu ƙwaya ko ɗaya mai riga a gidan nan.

A nan na yi kuskuren. Dariya ta kuɓuce min. Ba ta raini ba ce wallahi, amma ya za a yi ya sani? Ya rufe gwangwanin, ya mayar, ya murɗa mabuɗi. Ya ce, "Ba na yin gwaji da sallar mutum." Mama tana bakin kicin da ludayi a hannu, ta juya ta koma.

Yanzu ga labari mai daɗi, irin wanda gidan nan ke murna da shi. Kwana biyar ke nan ban sha ba, kuma ina tashi asuba. Ina riga ladan. Kalandar falo ta samu shuɗin biro, Baba yana sa alamar yana murmushi, jiya har ya ce wa Mama, "Kin gani ko?" Tunda ni ce farkon tashi, ya ba ni mabuɗin ƙofar gida: ni nake buɗe masa idan zai tafi masallaci, in kulle, in buɗe masa idan ya dawo. Na samu ƙarin girma.

Abin da kalanda ba ta nunawa shi ne ba tashi nake yi ba, barcin ne babu. Ranar farko awa biyar, sai huɗu, jiya biyu, kuma ba na jin gajiya ko kaɗan. Na jera littattafan Baba bisa tsayi, na rushe, na jera bisa launi. Na wanke labulayen gidan duka. Wannan wasiƙar ita ce ta huɗu, sauran ukun sun yi shafi goma-goma, na yaga. Hannuna ya daina rawa, kin ga rubutun. Kuma zan faɗa miki gaskiya tunda ke ce: daɗi nake ji. Launi ya dawo wa abubuwa. Na yi kewar matar da nake kafin ƙwayar, Baba bai yi ƙarya ba da ya ce maganin yana rage ni.

Amma aikina ke nan, in ga hadari tun yana ɗan baƙi a gefen sama, mutane na shanya. Wancan karon ma haka ya fara, da wankin labule. Ya ƙare ina kan rufin ofis da tsakar rana ba takalmi, ina yi wa masu gadi bayanin cewa na ɗage ruwan sama zuwa mako mai zuwa. A lissafina ina da kwana huɗu ko biyar da zan iya karanta wannan takardar in yarda da ita. Bayan nan zan fi kowa tabbacin na warke, ni da Baba bakinmu zai zama ɗaya.

Mabuɗin ƙofar gida yana ƙarƙashin matashina. Kowace asuba ina tsayawa a bakin ƙofa in ga bayansa har ya sha kwana, sannan in kulle kaina da hannuna.

Ki gaida maigidanki. Ki yi min addu'a, ta baki kawai, ba sai an jiƙa ba.

Yayarki

*

Talata

Yaya,

Salam. Ba doguwa zan rubuta ba, Direba yana jira.

Na kira Baba. Ya tambayi lafiyata, ya sa min albarka, da na ce "maganin Yaya" ya ce lokacin salla ya yi. Ƙarfe goma na safe.

Na samu likitanki a waya. Ya ce ki zo yanzu, ba mako mai zuwa ba, kati ko babu kati. Ya ce batun rawar hannu da nauyin kai za ku zauna a kai, a rage ko a canza, ba irin na zamanin Baffa ba ne kaɗai a duniya. Ban ce miki zai zama ba illa ko kaɗan ba, ba zan yi miki ƙarya ba.

Na roƙi Direba ya yi tafiya ranar Alhamis. Zai yi asubarsa a gida, ya tayar da mota a ƙofarsa, kujerar gaba taki ce. A ɗakin jariri za ki sauka, babu kowa tukuna, mai ɗakin bai ce komai ba, harbi kawai yake yi.

Kar ki zauna muhawara da kanki, kin fi kanki baki. Ki sa takalmi ki fito.

Auta

*

Alhamis

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka dawo lafiya.

Na yi asuba a kan lokaci kafin in fito, ka sa min shuɗin yau. Amma kwana takwas ɗin nan ba lafiya ba ce ta tashe ni, ciwon ne yake dawowa. Na san tafiyarsa kamar yadda ka san tafiyar ɗalibin da ya makara. Ba na son ka ga ƙarshensa a gidanka, ka ce kai ka jawo.

Na tafi wurin likita, daga nan gidan Auta. Zan haɗiye ƙwayar yadda take, da Bismillah, kamar yadda ka koya min in fara komai. Zan sayi kalanda. Duk mako zan aiko maka da abin da ke kanta, ja ko shuɗi, ba zan gyara ko ɗaya ba. Idan hannuna ya koma rawa za ka gani a rubutun.

Ban manta Baffa ba. Ni ma ina tsoron bangon.

Kar ka tuhumi Mama. Ta tarar da ni a tsakar gida da jaka, ta dube ni, ta ce, "Kin ɗauki rigar sanyi?" Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ƙunshi ɗaya na so in ɗauka saboda rubutunka, amma durowar a kulle take.

A jikin motar Direba nake ƙarasa wannan. Zan turo ta ta ƙarƙashin ƙofa yadda kake yi, mabuɗin yana ciki, Mama za ta buɗe maka. Ka yafe min dariyar ranar nan. Ka ci gaba da yi min addu'a, ban taɓa cewa ba na so ba.

Idan ka tarar da ƙofa a kulle, ni na kulle ta, daga waje.

'Yarka,
Uwarka